Yatsan da Ya Ƙi Tashi

Na sauka a Guangzhou da wuyan da ya fi cinyar wasu kauri, da kuma tambayar da ake jiran in amsa kafin mako ya ƙare. Ba a daɗe da mayar da Hong Kong hannun Sin ba, ta can muka biyo ni da Yaya, muka hau jirgin ƙasa. Tambayar ita ce ko zan koma Faransa in sake sa rigar ƙasa a wasannin kaka, ko kuwa na gama ƙwallo ke nan. Kocin ƙasa ya kira ni kafin in taso, ya ce sunana yana cikin waɗanda yake so, amma sai ya ji daga bakina cewa wuyana ya warke. Na ce masa in na isa inda za ni zan kira shi.

Ƙwallon da nake magana ba ta ƙafa ba ce. Rugbi ne, irin na mutum goma sha uku. Ƙwallon tana da siffar ƙwai, a hannu ake ɗaukarta, kuma ba a miƙa wa abokin wasa ita sai ta baya. In tana hannunku, sau shida abokan karawa za su kayar da ku, daga nan sai ta koma gare su. Akwai sirara masu gudu da suke tsayawa a baya, su ne masu ci, su ne jaridu suke ɗauka hoto. Akwai kuma mu 'yan gaba. Namu aikin shi ne ka karɓi ƙwallo ka nufi inda ƙarti suka fi yawa, biyu ko uku su tare ka, ka tura su baya iya ƙarfinka, su kayar da kai, ka yi wuf ka tashi, ka ajiye ta ƙasa ka tura wa na bayanka da ƙafa. Sai ka koma layi ka jira a sake ba ka. Lamba takwas nake sawa, kuma an ce yabon kai jahilci ne, to a bar ni da jahilcina: a zamanina ba su da yawa waɗanda suka fi ni iya wannan aikin.

A Maraɗi aka haife ni, ni ne auta. Da mahaifinmu ya rasu, kawuna da yake tuƙin babbar mota a kudancin Faransa ya ɗauke ni ina ƙaramin yaro. Garin da na tarar kowa rugbi yake yi, har mai gasa burodi da mai gyaran famfo. Ranar da malamin makaranta ya ga faɗin kafaɗata bai tambaye ni ra'ayina ba, ya miƙo mini riga. Na fara a kulob ɗin garin, inda matan 'yan wasa suke wanke riguna, bayan wasa kuma a haɗu a ci abinci tebur ɗaya, a ware mini kaza saboda sun san ba na cin alade. Daga nan babban kulob na birni ya ɗauke ni, muka ɗaga kofi tare, hancina ya karye ya warke a karkace. Sai na tsallaka arewacin Ingila na yi damuna biyu a cikin laka da sanyin da yake shiga haƙori. Can na yi wasan da ya fi kowanne kyau a rayuwata, don mutanen can ba sa tafa wa mai ci kamar yadda suke tafa wa wanda aka kayar ya tashi da sauri.

Ranar da na fara sa rigar ƙasa, ƙartin Ostareliya muka tara. Sun lallasa mu, babu ɓoye-ɓoye. Amma bayan wasa ƙaton da muka yini muna karo da shi ya biyo ni har ɗakin canza kaya, leɓensa a kumbure, ya cire rigarsa ya miƙo mini, ya nuna tawa. Lokacin ban je Ingila ba tukuna, ba ma jin yaren juna. Bayan wannan na sa rigar a gida da waje, duk shekarar da aka kira mutane sai an kira ni.

A wasan ƙarshe na kakar da ta gabaci tafiyata Sin, na shiga kayar da wani, kaina ya faɗa gefen da bai kamata ba. Na ji kamar wutar lantarki ta taso daga wuyana ta fita ta yatsun hannun dama. Na tashi na koma layi, don a cikin 'yan gaba akwai doka da ba a rubuta ba: ba ka shafa inda yake maka ciwo, in ka shafa nan za su nufa. Watanni suka wuce, ƙarfin hannu ya dawo, sai babban yatsa da manuniya suka zama kamar na aro. Likita ya ce jijiya ce, tana iya farfaɗowa, tana iya ƙi. Ni kuwa duk wanda ya tambaye ni sai in ce ta farfaɗo, kuma har a raina na kusa yarda.

Yaya ya girme ni nesa ba kusa ba, uwa ɗaya uba ɗaya muke. Tun yana saurayi ya koma Kano, ya fara da tallan yadi a Kantin Kwari har ya zama mai shigo da kaya. A wurinsa abin da nake yi sunansa kokawar Turawa. Duk shekara sai ya ce in biyo shi in ga yadda masu hankali suke neman abinci, duk shekara in ce ina da wasa. Wannan karon na amsa, don ina son garin da ba wanda zai tsare ni a hanya ya tambaye ni wuyana.

Lokacin baje kolin kaka ne, titin Liuhua ya cika ya batse. Nan Yaya ya gano amfanina. In muka zo ƙofar shiga sai ya sa ni gaba, ya riƙe bayan rigata, mutane su dare, shi kuwa yana tafe a baya da babbar rigarsa yana ta raba nihau, gaisuwarsu, dama da hagu. Masu shaguna suna kallon kunnuwana da suka murɗe saboda karo, suna tambayarsa da hannu ko mai gadinsa ne. Yakan ce musu da Hausa ƙanensa ne, abinci ne ya karɓe shi. Kalmomi uku ya sani na yarensu, da su da na'urar lissafi yake sayen kayan da za su cika kwantena. In lawban, wato mai shago, ya ce masa meyo, babu, sai ya zauna ya gyara zama ya nemi shayi, kuma sau da yawa kafin shayin ya huce abin da babu ya samu.

Ni kuwa na iya ɓuya. A wurin cin abinci na ce ban iya tsinkayen nan da suke cin abinci da su ba, a ba ni cokali, kuma rabin 'yan kasuwarmu haka suke yi. Kofin shayi da hannu biyu nake karɓa, Sinawa suka ɗauka ladabi ne. Maɓallin riga da hagu nake sawa, a banɗaki.

Wata safiya muka je wani sito a bayan manyan shagunan tufafi na Guangyuan, duba takalman da Yaya ya saya. An jera kwalaye har kusa da rufi. Lawban ya yi maza ya sauko da na sama ya buɗe, takalma suna ta sheƙi. Yaya ya yaba, ya ce shiye-shiye, wato na gode, sannan ya nuna wani kwali can cikin tsakiyar tarin, wanda sai an sauke rabin jerin kafin a kai gare shi. Lawban ya yi dariya, ya ce duk ɗaya ne. Yaya ma ya yi dariya, bai sauke hannunsa ba. Da muka fito ya ce mini, "Auta, na sama na ido ne, na ƙasa ma wani lokaci sukan gyara shi don sun san wayonmu. Na tsakiya shi ne kayanka." Ranar dai takalman tsakiyar lafiya suke, aka rabu ana raha.

Ranar Juma'a muka tafi tsohon masallacin nan mai doguwar hasumiya. Sahu ya haɗa Sinawa masu fararen huluna, da Larabawa, da 'yan Pakistan, da namu na Kano da na zangon Gana. Yaya yana damana, kafaɗa da kafaɗa. Muka zauna tahiya, na ɗora hannu a cinya, na naɗe yatsu kamar yadda aka koya mini tun ina yaro, na ce wa manuniya ta tashi. Ta ɗan yi rawa, ta kwanta. Na sake, ta ƙi. A ɗaki in ina sallah ni kaɗai na saba da hakan, ba na ma kulawa. Amma mu a gidanmu yatsan nan ba ya daina motsi tun daga farkon tahiya har sallama, mahaifinmu yakan kalli hannun yaro kafin ya saurari karatunsa. Hannun Yaya na hagu yana dab da nawa na dama, kuma mutumin da idonsa yake ƙasa ba abin da zai gani sai wannan.

Aka sallame, aka yi addu'a, muka fito. Muka shiga shagon wasu Musulmin Sin muka ci taliyar da ake ja da hannu, yana ta labarin tsadar jirgin ruwa. Sai da muka kama hanyar siton da ake loda kayanmu ya yi magana, kuma na lura harshensa ya bar Kano ya koma Maraɗi, abin da ba ya faruwa sai magana ta kai magana.

"Auta, cikin wasan nan naku, mi ne ne abin da ba a yafe ma mai lambarka?"

Tun da na fara wasa bai taɓa yi mini tambaya a kansa ba. Na ce, "Ƙwallo ta faɗi daga hannunka, Yaya. A kayar da kai ba komai, a fasa maka baki ba komai. Amma in ta kuɓuce, ta koma hannun abokan karawa, 'yan'uwanka goma sha biyu su ne za su sha wuyar ƙwato ta."

Ya gyaɗa kai. Muka wuce wata mai sayar da kayan marmari, ya tsaya gaban lemon nan nasu ƙato da suke ci lokacin kaka, wanda ya kai kan jariri girma. Ya ɗaga wannan, ya ajiye, ya ɗaga wancan, ya yi ciniki kamar kwantena zai saya, sannan ya miƙo mini ɗaya ya ce in riƙe.

Mai siton wani Bagane ne, Bahaushen zangon Kumasi, shi yake haɗa kayan mutane ya tura su jirgi. Ƙato ne, ya yi dambe a ƙuruciyarsa, dariyarsa tana riga shi isa wuri. Muka same shi a farfajiya, leburori suna ɗora dilolin kaya a babbar mota. Yaya ya gaishe shi, ya ce, "Alhaji, aron ƙirjinka nika so. Yaron ga zai nuna muna sana'atai."

Na gane inda aka nufa, kuma wallahi ban ji tsoro ba, daɗi ma na ji. Watanni ban yi karo da kowa ba. Na cire takalmi na naɗe wando. Na yi wa Bagane bayani: zan taho da gudu, ya tare ni, ya kai wa hannun da yake riƙe da lemon duka iya ƙarfinsa. Ya tuɓe agogo ya ba Yaya, ya ce mini da Hausarsu ta Gana, "Masa, kar ka yi kuka fa, ni ba na jin Faransanci kwaraa, ko kaɗan."

Na rungume lemon a hagu, na sunkuyar da kafaɗa, na taho. Ya kai duka, ya samu hannun sosai, amma sai ga shi zaune a kan dila ƙafafu sama, hularsa a gefe. Lemo yana nan a ƙirjina ko motsi bai yi ba. Leburori suka ajiye aiki suna ihu suna tafi. Bagane ya tashi yana haki yana dariya, ya ce, "Kei! Alhaji, wannan ba mutum ba ne, katafila ne ka kawo mini!"

Yaya bai yi dariya ba. Ya ce, "Madalla. To da dama."

Na ce, "Yaya, da yawa a hagu suke riƙewa."

"A fili kai ka zaɓen gefen da za su fito maka?"

Ba ni nake zaɓa ba. Mutumin da bai taɓa ganin wasa ba ya kama gaskiyar da kowane ɗan gaba ya sani: ƙwallo tana komawa hannun da yake nesa da mai tarbarka, ko ka so ko ka ƙi. Na mayar da lemon dama, na matse shi har na ji ƙamshin ɓawonsa. Na taho da ƙarfin da ya fi na farko, don raina ya ɗan ɓaci. Muka haɗu, muka zube tare, ni a sama. Jikina ya yi abin da ya saba: na yi wuf na tashi, na sunkuya zan ajiye ƙwallo in tura ta baya da ƙafa.

Babu komai a hannuna. Lemon yana can yana gangarawa ƙarƙashin babbar motar, ni kuwa ina sunkuye, hannuna a lanƙwashe a kan iska, ƙafata a ɗage. Ban ji lokacin da ya fita ba. Leburori suka fara dariya, suka ga fuskata, suka koma kan dilolinsu.

Na ce a sake. Wani ya zaro lemon da sanda, na goge shi a wando, muka sake. Wannan karon Bagane bai ma kai duka da ƙarfi ba, na gani a idonsa, tausayi ya hana shi. Duk da haka lemon ya faɗi. Bagane ya karɓi agogonsa ya ce yana da aiki a ciki.

Na jira Yaya ya fara wa'azin da ya shekara yana tanadi, cewa ga kasuwa, ga shago, ga mutunci. Ya sunkuya ya ɗauki lemon da ya fashe ta gefe, ya duba shi, ya ce, "Kaya naka ne, kai ka san kasuwarka. Ni dai na tsakiya na so in gani."

Na zauna a kan dila. In faɗi gaskiya, tsoron keken guragu bai taɓa hana ni barci ba, ko wauta ce ko jarumta, kowane ɗan gaba ya riga ya yi sulhu da wannan tun yana yaro. Abin da na kasa haɗiyewa daban ne. Na tuna yadda nake kallon wanda ya zubar da ƙwallo a bakin layinmu, lokacin da huhunmu yake wuta, ƙafafu sun mutu, ga shi dole mu sake tare wasu shida saboda shi. Na zagi mutane a kan haka da Faransanci da Turanci, wani lokaci har da Hausa in ta kai maƙura. Zan iya yaudarar koci a waya, zan iya yaudarar likita in matse masa hannu da sauran yatsu uku. Amma in tsaya cikin rigar ƙasa, mutum goma sha biyu sun dogara da hannun da ba ya sanin lokacin da ya saki, wannan ba zan iya ba.

La'asar ta yi a Guangzhou, can Faransa safiya ce. A ƙasan otal ɗinmu akwai ɗan ɗaki mai gilashi da ake kiran ƙasashen waje. Na shiga, da ƙyar ya ɗauke ni, na danna lambobin da hagu. Koci ya ɗauka da kansa. Na gaya masa komai, har lemon.

Sai ya ce, "Kai da hannu ɗaya ka fi wasu masu biyu. Zo in sa ka rabin lokaci."

Na ce, "A rabin lokacin ma za a miƙo mini ta dama."

Ya ce to zai ajiye mini wurina zuwa baɗi, jijiya takan farfaɗo. Na ce kada ya ajiye, ya ba wanda zai riƙe. Na gode masa, ya gode mini, muryarsa ta canza, sai muka yi sallama kafin ɗayanmu ya ji kunya. Ba wanda ya cire ni daga kulob, ba wanda ya cire ni daga rigar ƙasa, ba a fitar da ni a kan makara ba. Da bakina na bari, ana cikin nemana, kuma har gobe ina alfahari da wannan. Amma a cikin ɗakin gilashin nan baƙin ciki ya kama ni irin wanda ban ji ba tun rasuwar mahaifinmu. Na juya wa ƙofa baya na yi kuka, ƙaton mutum, kafaɗuna suna taɓa bango biyu.

Da na fito Yaya yana tsaye a bakin titi, yana kallon kekuna da motoci kamar an ba shi aikin ƙirga su. Bai tambaye ni me na ce ba, bai kalli idona ba. Mu a gidanmu wa ba ya rungumar ƙane. Ya ce akwai wani mai shadda da ya ce mu leƙo kafin ya rufe, muka kama hanya. Ba mu yi nisa ba sai ya miƙo hannu ya kama nawa na dama, ya sarƙe yatsunsa cikin nawa, yadda maza suke tafiya a gida in hira ta yi daɗi. Sinawa suna waiwayenmu, dattijo da babbar riga yana jan ƙato kamar zai kai shi makaranta.

Yatsu uku suna jin ɗumin hannunsa, biyu ba sa ji. Ban gaya masa ba, don kada ya saki.